Hoton da aka ciro daga maimaicin gem: aikin wa ne?

Sadiq: Jama'a, kun ga hoton da Nura ya ciro daga gem ɗin ƙwallo ya saka jiya: ɗan wasansa a sama, ƙafa ta wuce kai, gola ya miƙa hannu bai kai ba. A ƙasa ya rubuta "aikina". Ni dai ban yarda ba. Kamfani ne ya zana ɗan wasan, ya zana ciyawar, ya kunna fitilun filin. Shi maɓalli kawai ya danna.

Nura: Yaya Sadiq, da dannawa ce kawai da kowa ya fitar da irinsa. Maimaicin, wato inda gem ke sake nuna maka wasan da ka buga, na buɗe, na riƙa matsar da shi kaɗan-kaɗan har na sami daidai inda ƙwallo ta rabu da takalmi. Na sauko da kyamara har ta kusa taɓa ciyawa don ɗan wasan ya yi tsawo, na dusar da 'yan kallo, na karkata ta yadda fitila za ta fito ta bayan kafaɗarsa. Taku ɗaya gaba, hannun mai tsaron baya ya rufe fuskar. Wa ya zaɓi duk wannan?

Hauwa: Ina bayan Nura. Mutane da yawa sun ɗauka maimaici bidiyo ne. A gem da dama ba haka ba ne: bayanai ake ajiyewa, wane ya tsaya ina, ya motsa yaushe, sai injin ya sake zana komai daga farko. A Doom na 1993 ma abin da ɗan wasa ya danna kawai ake adanawa. Shi ya sa a na yanzu kake iya kai kyamara wurin da babu idon da ya tsaya lokacin wasan, kuma shi ya sa tsohon maimaicin Fortnite kan ƙi buɗewa bayan an sabunta gem ɗin. To kusurwar da Nura ya samo ba ta wanzu ba sai da ya je ya nemo ta.

Sadiq: Amma kayan aikin ma su suka ba shi, Malama Hauwa.

Hauwa: Mai ɗaukar hoton kasuwa shi ya gina kasuwar? Su kansu kamfanonin sun san sana'a ce. Gran Turismo 4 ya zo da sashen ɗaukar hoto tun 2004, Halo 3 ya ba mutane damar yawo da kyamara cikin maimaici a 2007, a Ghost of Tsushima na 2020 kuwa har iska da yanayin sama kai kake juyawa.

Bello: Ku tsaya, ni damuwata daban ce. Da ni aka buga wasan nan. Bugun bai yi kyau ba, ƙwallon ta daki mai tsaron baya ne ta karkace ta shiga raga. Hoton ya tsaya kafin wannan. Duk wanda ya gani zai ce gwani ne ya ci. Wannan ba rufa-rufa ba ce?

Nura: Ban ce ga shaidar iya wasana ba, Bello. Hoto na ce na yi.

Bello: Amma da aka yi ta yabon cin, ai shiru ka yi.

Zainab: Maganar Bello ce ta nuna ƙarfin mai yanke hoto, wanda Yaya Sadiq ke rainawa. Ku dubi mim, wato hoto ko ɗan bidiyon da ake yaɗawa a intanet don barkwanci. A Call of Duty: Advanced Warfare na 2014 akwai wurin jana'izar soja inda allo ke cewa ka danna F don girmama mamaci. Da gaske masu gem ɗin suka yi shi, don a ji tausayi. Jama'a suka yanke wurin suka yaɗa, yau ko wayar mutum ce ta fashe sai ka ga an jera masa F. Haka CJ, jarumin gem ɗin GTA: San Andreas, yana tafiya a lungu yana ƙorafin an sake komawa gidan jiya. Gem ɗin na 2004 ne, amma sai a 2019 wurin ya cika intanet. Kamfani bai ba su wannan ma'anar ba, wanda ya yanke ya ɗora rubutu shi ya ba su.

Sadiq: Ma'ana na yarda tasa ce. Mallaka fa? Ya gwada buga hoton a riga ya sayar ya gani. Zanen na kamfani ne, yana cikin yarjejeniyar da muke wucewa ba mu karanta ba.

Hauwa: Wannan doka ce, ba ita ke auna wahalar da mutum ya sha ba. Ni abin da ke tsorata ni shi ne inda maganar Bello ke kaiwa. A 2011 tashar ITV ta Birtaniya ta nuna wani yanki na gem ɗin yaƙi Arma 2 a matsayin bidiyon gaske na harbo jirgi mai saukar ungulu, ta dawo tana ba da haƙuri. A 2017 ma'aikatar tsaron Rasha ta wallafa hoto daga wani gem na waya a matsayin hujja kan Amurka. A 2022 kamfanin Bohemia Interactive, mai yin gem ɗin Arma, da kansa ya fito yana gargaɗi, saboda ana yaɗa bidiyon Arma 3 da sunan yaƙin Yukren. Dabarar ɗaya ce: a cire alamomin gem daga allo, a rage kyan hoton, a girgiza kyamara. Ina ba da shawara duk hoton da za a saka a rukunin nan a rubuta sunan gem ɗin a jikinsa.

Bello: A gefe? Mai son yaudara zai yanke gefen cikin daƙiƙa biyu. Sai dai a tsakiya.

Nura: A'a, a tsakiya kam ban yarda ba. Ba zan ɓata lokaci ina gyara haske sannan in shimfiɗa rubutu a kan fuskar ɗan wasa ba. Gem ɗin yaƙi a sa musu, na ji. Na ƙwallo da na tseren mota wa za su ruɗa?

Zainab: Ka nuna wa babanmu hoton Gran Turismo 7 a ƙaramin allon waya, Nura, sannan ka tambaye shi ko motar gaske ce.