Ƙiba da Ƙodar Mai Ciwon Suga: Shawarwarin da Suka Fito

A wata tattaunawa da aka yi kan ƙiba da lafiyar ƙodar masu ciwon suga, abin da ya fi cin lokaci shi ne yadda ƙiba ke ninka wa ƙoda wahala. Suga idan ya yi yawa yana lalata ƙananan jijiyoyin da ke tace jini, ƙiba kuma ta tilasta wa ƙodar aiki fiye da kima, ta jawo hawan jini. Ga shi ciwon ƙoda ba ya nuna kansa da wuri. Kafin mutum ya ga fitsarinsa na kumfa, ko ƙafa ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga, ɓarna ta yi nisa. Shi ya sa aka nanata gwajin furotin a fitsari da gwajin jini na ƙoda, aƙalla sau ɗaya a shekara.

Ba sai an rame ba. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi ma yana taimakawa, tare da motsa jiki na minti 150 a mako, gishiri kuma kada ya kai giram 5 a rana.

An ja kunne kan shan magungunan rage zafin ciwo irin su ibuprofen da diclofenac barkatai, da haɗe-haɗen rage ƙiba marasa tabbas. Dapagliflozin, wani maganin ciwon suga, yana kare ƙoda, amma likita ne zai rubuta shi.