Muhawara: Shin Wutsiya Mai Siffar T Ta Fi Haɗari?

Malam Habibu: Assalamu alaikum. A ganina, jiragen sama masu wutsiya mai siffar T, wato waɗanda ƙananan fukafukansu na baya suke zaune a ƙololuwar wutsiya, sun fi sauran haɗari, kuma shi ya sa aka daina ƙera manyan jiragen fasinja irinsu. Mu mutanen Kano ba za mu manta da jirgin BAC One-Eleven da ya faɗa unguwar Gwammaja a watan Mayun 2002 ba.

Injiniya Sani: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Sai dai, Malam, wancan jirgi ya zarce ƙarshen titin tashi ne, injunansa suka rasa ƙarfi, babu ruwan wutsiya a ciki. Aibin da siffar T take da shi daban ne. Idan hancin jirgi ya ɗaga fiye da kima har fukafukai suka kasa ɗaukarsa, hargitsattsiyar iskar da ke fitowa daga bayansu takan lulluɓe wutsiyar da ke sama, matuƙi ya tura sandar tuƙi gaba iya ƙarfinsa, hanci ya ƙi sauka, jirgi ya riƙa nutsewa a kwance. Haka ta faru da samfurin gwaji na BAC One-Eleven a Ingila a 1963, inda mutum 7 suka mutu.

Malam Habibu: To ai ka tabbatar da maganata ke nan, Injiniya.

Hajiya Rabi: Bai tabbatar ba, Malam. Bayan wannan hatsari aka sanya wa irin waɗannan jirage na'urar da take tura sandar tuƙi gaba da kanta kafin a kai ga wannan hali. Kuma abin da ya kawo siffar tun farko shi ne wurin zaman injin. Boeing 727 da DC-9 injunansu a bayan jiki suke, dole a ɗaga fukafukan baya don su kauce wa zafin hayaƙi. Da injuna suka ƙara faɗi da nauyi, aka gwammace rataye su ƙarƙashin fiffike, sai buƙatar ta kau.

Injiniya Sani: Gaskiyar Hajiya. Ba a ma daina ba. ATR 72 da Dash 8 duk T ne, haka jiragen dakon kaya na soja kamar C-17 da Il-76, domin ƙofar bayansu ta buɗe mota ta shiga ba tare da cikas ba. Abin da zan yarda da shi shi ne wahalar kulawa: wutsiyar tana buƙatar ƙarin ƙarfi da nauyi, kuma makaniki sai ya hau can sama kafin ya duba ta. Jirgin Alaska Airlines, shi ma mai wutsiyar T, da ya faɗa teku a 2000 da mutum 88, ƙarancin man shafawa ne ya cinye zaren notin da ke riƙe da dogon ƙarfen da ke juya fukafukan bayansa.

Malam Habibu: Na janye batun Gwammaja. Amma siffar da sai an haɗa ta da na'urar ceto kafin a amince da ita, har yanzu hankalina bai kwanta da ita ba.