Muhawara: Yasuo magudi ne ko rashin iya wasa?

Mai Baka: Jama'a, kowa ya faɗi gaskiya. Tun 2013 da kamfanin Riot ya saka jarumi Yasuo a wasan kwamfuta na League of Legends ake kuka, har yau an ƙi rage masa ƙarfi yadda ya kamata. Bangon iskarsa na tsayawa kimanin daƙiƙa 4, ya haɗiye kibiyar Ashe, ya haɗiye ruwan harsasan Miss Fortune gaba ɗaya, alhali waɗannan su ne babbar fasahar (hari mafi ƙarfi) ta maharban biyu. Ƙaramar fasaha ta kashe babbar fasahar wani? Wannan magudi ne tsagwaronsa.

Ɗan Tsakiya: Malam, janye kalmar magudi. Magudi shi ne ka saka manhajar da ke kauce maka ko ta saita maka hari. Abin da kamfani ya rubuta a jikin jarumi, kowa na iya karantawa kafin a fara, ba ya zama magudi.

Mai Baka: To me za a kira wanda ake ninka wa damar bugu mai tsanani, wato bugun da ɓarnarsa ta fi ta kullum? Kaya biyu da ake saya a wasan, masu ƙara damar da kashi 25 kowanne, ya kai 100. Maharbi sai ya tara huɗu.

Ɗan Tsakiya: Ka ɓoye rabin zancen. An rage ɓarnar da bugun nasa ke yi, kuma dole ya shigo jikinka da takobi, kai kuwa kana can nesa.

Sarkin Daji: Ni ina ganin fifiko ya kamata a ce. Magudi da niyyar cuta yake zuwa.

Hajiyar Taimako: Fifikon ma ai son kai ne. In an so ɗa ɗaya a gida, sauran ba sa tambayar niyya.

Sarkin Daji: Hajiya, ki duba adadin nasararsa, kullum wajen kashi 50 yake yawo.

Hajiyar Taimako: A wane mataki? Adadin na cakuɗa wanda ya buga shi sau ɗaruruwa da wanda ya ɗauke shi jiya. Jarumai irin su Azir da Ryze ma adadinsu ƙasa yake a wasan gama-gari, amma a gasar ƙwararru rububinsu aka sha yi.

Ɗan Tsakiya: Matsalar ba a iya fuskantarsa ba ne. Garkuwarsa da tafiya take cika, in an taɓa shi ta tashi, daƙiƙa ɗaya ta ɓace. Ka jefa masa ƙaramin hari tukuna, ka ɗan jira, sannan ka saki babbar fasaharka. Bangon a matakin farko ya haura daƙiƙa 20 kafin ya dawo, kuma shi ake ƙara wa mataki a ƙarshe. Kada ka tsaya cikin ƙananan sojojinka, ta kansu yake zamewa ya iso ka. In guguwar da saransa na uku ke fitarwa ta wuce ba ta ɗaga ka sama ba, babbar fasaharsa ba ta da abin kamawa, sai in abokinsa ya ɗaga masa kai. In duk ya gagara, ɗauki jarumi Malzahar ko Renekton.

Sarkin Daji: Malzahar? Danna maɓalli ɗaya ka daskarar da mutum? In akwai magudi a wasan nan, ga shi nan.

Gwanin Malzahar: Yallabai, ka yi hattara da bakinka. Kayan nan da ake saya, Quicksilver Sash, ya isa ya kwance daskarewar, kuma Malzahar yana tsaye cak yayin da yake riƙe ka, duk wanda ya buge shi da suma ya katse ta.

Hajiyar Taimako: Kuma bangon Yasuo na tare hasken babbar fasahar jaruma Lux.

Ɗan Tsakiya: Ba ya tarewa! Haske ne miƙaƙƙe, ba abin jifa ba. Igiyar ɗaurinta yake tarewa. Harbin hasumiya ma wucewa yake.

Mai Kula da Zaure: Na rufe. Abin da aka tsayar: Yasuo lafiyarsa ƙalau, maharba ne ba sa ƙirga daƙiƙun bango, Malzahar kuma shi ya cancanci a duba. Wanda bai gamsu ba yana da damar haramta jarumi ɗaya a kowane zaɓen jarumai kafin wasa.

Mai Baka: Wa ya tsayar? Ba wanda ya amsa min maganar Miss Fortune.