Na canza kafasita amma ƙugin amfilifaya bai tafi ba

Assalamu alaikum masu gyaran lantarki. Tsohuwar amfilifaya ce ta gida mai tiransifoma. Da an kunna ta sai sifikokin biyu su kama ƙugi mai kauri, ko na rage murya har ƙasa yana nan yadda yake. Na auna da manhajar waya, ƙugin yana kan 100Hz, ninki biyu na 50Hz ɗin wutarmu, shi ya sa na zargi manyan kafasitocin tace wuta da ke bayan diyod (masu mayar da wutar AC zuwa DC). Ɗaya ma kansa ya kumbura.

Na cire tsofaffin masu 4700µF, 50V, na sa masu 10000µF, 63V, ƙafafun kuma ban juya su ba. Da yake sababbin sun fi wurin girma, sai na ɗaure su a gefe na ja waya daga gare su zuwa allon amfilifayar. Ƙugin ya ragu kaɗan kawai, ga sabuwar fitina: wani lokaci fis yana ƙonewa da an kunna, diyod kuma suna zafi fiye da da. Na zare duk wayoyin RCA (masu shigo da sauti), na canza soket, babu bambanci. Abin ya ishe ni.

Shin wayar nan da na ja ce take hana ƙugin tafiya?