Taƙaitawar shawarwari kan saita maɓalli ga masu buƙata ta musamman

1. An yi ittifaƙi cewa kafin a taɓa saitin Switch Access na Android ko Switch Control na iPhone, wato tsarin sarrafa waya da maɓalli na musamman maimakon taɓa allo, a fara gano gaɓar da mutum yake motsawa ba tare da wahala ba, hannu ne, kai ko ƙafa, a kafa maɓallin daidai nan yadda ba zai goce ba.

2. A rage saurin hasken da ke zagaya allo, wato wanda ke bin abubuwan da ke kan allon ɗaya bayan ɗaya har mutum ya danna maɓalli ya zaɓa, daga baya a ƙara.

3. Ra'ayi ya rabu kan yawan maɓallai. Wasu sun ce ɗaya ya isa, wasu kuma biyu, na matsawa da na zaɓa. Ni na fi karkata ga biyu idan jiki ya ba da dama, domin da maɓalli ɗaya, jiran hasken ya sake zagayowa yana gajiyar da mutum ƙwarai.