Waɗanda suka yi Faransanci a jami'a, ya kuka tsallake aji biyu?

'Yar Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ina neman waɗanda suka bi ta wannan hanyar su faɗa min yadda tasu ta kasance. Ina aji biyu a sashen Faransanci, shekarar farko komai lafiya lau, gaisuwa, ƙirge, kwanakin mako, har A na ci a nahawu, amma tunda aka shiga wannan zangon abin ya tsaya min cak. Idan aka ba ni takarda zan karanta in gane kusan komai, zan iya jera maka passé composé da imparfait, wato siffofin aikatau na abin da ya wuce, a allo, amma malami na juyowa ya ce "Mademoiselle, qu'en pensez-vous ?" sai kaina ya ɗauke wuta, jimlar tana nan a kaina amma ta ƙi saukowa baki. Jiya a tes ɗin sauraro an kunna mana hira sau biyu, wlh abin da na kama bai fi kalma goma ba. Na dawo gida na yi kuka, har na fara tunanin canza kos. Haka kowa ya yi ko ni ce kawai?

Ɗan Tudun Wada:
Wa alaikumus salam ƙanwata, kar ki canza komai, wannan wurin da kike shi ne inda kusan duk muka maƙale. Ni sai da muka je Badagry a aji uku bakina ya buɗe. Kin san ƙauyen koyon Faransanci da gwamnatin tarayya ta kafa a can a 1991, saboda a da ƙasashen waje ake tura ɗalibai su yi shekarar zama cikin masu harshen, da kuɗin ya yi nauyi sai aka yi namu a gida, to can ne za ki haɗu da 'yan jami'o'i daga ko'ina. Abin da ya taimake ni ba lakca ba ce gsky, ɗakin kwana ne. An haɗa ni da wani yaro ɗan kudu wanda ya girma a Kwatano, ya ce min daga ranar farko ba zai amsa min ko kalma ɗaya ba in ba da Faransanci ba, ko bokiti zan ara sai na ce "prête-moi ton seau". Sati biyun farko haushinsa nake ji sosai, daga baya na lura na daina fassara daga Hausa zuwa Turanci sannan zuwa Faransanci, abin yana fitowa kai tsaye ko da kuskure.

Amma in gaya miki gaskiya akwai 'yan uwanmu da suka je suka dawo yadda suka tafi, don kullum suna tare da juna ana hira da Hausa har dare. Ko Kwatano kika tsallaka ta Seme haka ne, in kika sauka unguwar Zongo sai ki yi sati ba ki buƙaci bonjour ba, kowa Hausa yake ji.

Malamar Sakandare:
'Yata bari in ba ki abin da na so a ce an gaya min tun ina aji biyu. Matsalarmu muna koyon Faransanci ta kan Turanci, alhali Hausa ta fi kusa da shi a wurare da yawa. Ni subjonctif, wato siffar aikatau ta nuna buri ko dole, ne ya kayar da ni, sai da na maimaita kos ɗin, don malaminmu kullum cewa yake abu ne mai wuya wanda Turanci kusan ba shi da shi, mu haddace kawai. Ran nan ina girki na ce wa ƙanena "ina so ka zo gobe", sai na tsaya da ludayi a hannu, ai ban ce "ina so ka na zuwa" ko "za ka zo" ba, cewa na yi KA ZO, kuma wannan shi ne je veux que tu viennes. Na ɗauko littafi na fara jerawa, dole in tafi il faut que je parte, kafin ya zo avant qu'il vienne, don ya gane pour qu'il comprenne, ashe tun muna yara muke yin subjonctif ba mu sani ba. Ba ko'ina suke dacewa ba, misali bayan espérer que su ba sa sa shi, amma mafi yawan wuraren da kunnenki na Hausa ya ce "in, ka, ki, ya, ta, mu" to a can ma shi ne.

Haka imparfait, "ina cin abinci sai ya shigo", je mangeais quand il est entré, na farkon yana gudana na biyun ya faɗo ciki. "A da nakan je" shi ma imparfait ne. Yanzu haka nake koya wa ɗalibaina kuma suna kamawa da wuri fiye da yadda na kama.

Inda Hausa za ta yaudare ki shi ne jinsi. Mu rana mace ce wata namiji, su le soleil namiji la lune mace. Gida namiji ne a wurinmu, su la maison. Don haka kar ki taɓa rubuta sabuwar kalma a littafinki ita kaɗai, ki rubuta ta da un ko une ɗinta.

Ɗan Maraɗi:
Sannunku 'yan uwa na ƙetare. Mu nan Nijar tun CI, wato ajin hwarko na hiramare, munka hwara, mushe na shiga aji ba ka jin komi sai Hwaransanci, a lakwal ɗinmu, wato makarantar boko, in kay yi Hausa wani ƙashi aka rataya ma a wuya sai ka kama wani ya yi kahin ka rabu da shi, to ka ga mu da tsoro munka koya, kuma kar ku zaci kowa na iya wa, akwai masu BAC, takardar gama sakandare, da yawa da in an ce su tashi su yi exposé gaban aji jikinsu rawa yakai. Sanda ni ka jami'a a Yamai na zauna da ɗalibai 'yan Najeriya da sunka zo gyara harshe, abin da na lura nahawunsu wani lokacin ya hi namu tsabta, amma suna jiran jimla ta cika daidai kahin su buɗe baki, mu ko sai mu jehwa ta haka nan. 'Yar uwa ki dinga jehwa ta.

Kuma wanga batu na p da f mu duka ne. Pain burodi ne faim yunwa ce, Bahaushe sai ya haɗe su wuri guda. Ki tsaya gaban madubi, p leɓe biyu su haɗe, f haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa, in ba ki ga haƙoranki ba to ba f kika yi ba. Yanzu tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a wurinmu, Hwaransanci ya zama harshen aiki, amma takardun ofis da asibiti da duwan (kwastan) har yau da shi a ka yi, wanda ya iya biyun shi ka cin kasuwa tsakanin Jibiya da Maraɗi.

Ɗan Tudun Wada:
Wannan na pain da faim ya faru da ni a gaban mai shago a Kwatano, matar ta kalle ni ta ce "du pain ?" ta nuna burodin, ba ta yi dariya ba, kuma tun ranar ban sake kuskurensa ba. Lambobi ma a kasuwa na iya su, quatre-vingt-dix-sept wato huɗu sau ashirin da goma da bakwai, a aji sai na yi lissafi, amma da canjina ya fara maƙalewa a hannun 'yan acaɓa kunnena ya buɗe.

Maman 'Yan Biyu:
Ni batun sauraro zan yi magana a kai don shi ya kusa kayar da ni a DELF, jarabawar shaidar iya Faransanci, a matakin B1. Jarabawar kashi huɗu ce, sauraro, karatu, rubutu, magana, kowanne maki 25, ana neman 50 cikin 100 amma in kika samu ƙasa da 5 a ɗaya to kin faɗi ko da sauran sun yi kyau. A gwajin da muka yi kafin jarabawa 4 na samu a sauraro, hankalina ya tashi. Abin da na yi, kullum da asuba bayan na sallami yara sai in kunna labaran RFI na Faransanci mai sauƙi, minti goma ne kuma suna saka rubutun abin da aka faɗa, sai in ji sau ɗaya ido rufe, sau ɗaya ina bin rubutun da yatsa, sau na uku ina maimaitawa da baki a bayan mai karantawa kamar yadda muke bin malam a islamiyya. Dabarar da ta fi min amfani kuma, in fara jin labaran ranar a sashen Hausa, sai na riga na san abin da ya faru, kunnena kalmomi kawai yake farauta. A nan na gane ba sauri ne matsalar ba, haɗe kalmomi ne, les amis a takarda biyu ne a kunne lezami, je ne sais pas kuma a bakin mutanen titi ya koma kamar shepa. Wata uku na yi a haka na samu 16. Ki sani takardar DELF ba ta ƙarewa, kuma in kina da burin karatu a Faransa galibi B2, matakin da ke gaba da B1, suke nema.

'Yar Gidan Liman:
Ba wanda ya taɓo ɓangaren al'ada, ni kuwa nan ne na fi shan wuya. A kos ɗin civilisation, wato tarihi da al'adun Faransa, aka ba ni in gabatar da laïcité, dokar 1905 da ta raba coci da gwamnati, da ta 2004 da ta hana sa alamomin addini da suka fito fili a makarantun gwamnati, ga ni tsaye da hijabi har ƙasa. Da farko na so in ce a canza min, raina bai so ba ko kaɗan, sai babana ya ce ki je ki karanta ki san dalilinsu tukunna sannan ki faɗi naki. Na karanta tarihin rigimarsu da coci tun juyin juya halin 1789, na gane daga ina tsoronsu ya samo asali, ban yarda da su ba har yau, amma ranar na tsaya minti goma sha biyar ina cewa je comprends, mais je ne suis pas d'accord, ina kawo hujja, wani ɗan ajinmu yana mayar min ina mayar masa. Sai da na zauna na tuna ban duba takardata ba tun minti na biyar. Ranar ce karon farko da na yi magana ba tare da ina lissafa kuskurena ba, don abin ya taɓa ni.

Sai ki kula da tu da vous, na taɓa ce wa wata baƙuwar malama tu, fuskarta ta canza nan take, kwana biyu abin yana damuna. Ki ɗauka kamar yadda ba za ki gaida surukarki da "ke" ba sai "kun wuni lafiya".

'Yar Fagge:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, wlh na ji sanyi. Malama na gwada naku daren jiya, na cika shafi biyu da jimlolin Hausa ina juya su, bien que ce kawai ta ƙi shiga don mu "ko da yake ya zo" muke cewa, to ita zan haddace. Akwai wata 'yar Damagaram da ke sayar da turaren wuta a layinmu, shekara biyu muna gaisawa da Hausa ban taɓa tambayarta ko ta yi lakwal ba, yau da safe na ce mata bonjour tantie, ta ajiye kaskon ta zuba min magana mai tsawo, rabi na kama. Mun yi da ita zan dinga zuwa bayan la'asar. Anti Maman 'Yan Biyu dan Allah a ɓangaren magana na B1 ɗin, mintuna goman shiri da ake bayarwa ana barin mutum ya shiga da abin da ya rubuta ko karɓewa suke yi?