Wace Hausa za a yi wa bitamin D?

Mai shirin lafiya: Salama jama'a. Gobe bayan isha'i ina da shiri a rediyo kan bitamin D da haihuwa. Mutanen ƙauye ne masu saurarena, in na ce "bitamin D" sai su ɗauka ƙwaya nake talla. A taimaka da Hausarsa.

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Sinadarin rana mana. Ai fata ce ke haɗa shi in rana ta taɓa ta.

Baba na Daura: A'a ɗana, rana ƙuna ce. Sinadarin hantsi. Hantsi leƙa gidan kowa, ko matar kulle tana samunsa a tsakar gida. Ni na ƙirƙiro ta, kyauta na ba ku.

Anti nas: Baba, a gafarce ni, hantsi zai ɓatar da mutane. Hasken da ke sa fata ta yi aikin ya fi ƙarfi in rana ta ɗaga, inuwarka ta gajarce, kuma baƙar fata ta fi buƙatar lokaci. Akwai shi a kifi mai maiƙo irin titus da sadin, da gwaiduwar ƙwai. Sai hanta da ƙoda sun sarrafa shi yake aiki.

Mai shirin lafiya: To in ce sinadarin haihuwa?

Anti nas: Kul! Jibi za ka ji shi a lasifikar masu maganin ƙarfin maza a tasha. Gaskiya ne an gano wuraren da yake kamawa a mahaifa da mabiyiya da maraina, ana kuma yawan ganin ƙarancinsa ga matan da al'adarsu ke rikicewa. Amma shan ƙwayar bai tabbata yana kawo ciki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ba ta ce a ba kowace mai ciki ba. In ya yi yawa yana jawo tsakuwar ƙoda.

Baba na Daura: Ku 'yan boko komai sai kun ara. Daura tushen Hausa ba ta rasa kalma ba.

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Baba, asibiti fa? Allura ma daga Larabci take. Tun 1922 wani masanin kimiyya, McCollum, ya sa wa bitamin ɗin D a Amurka, don shi ne bitamin na huɗu da aka gano. Kuma in batun Hausa ne, Katsinawa ba mu bin bayan kowa.

Baba na Daura: Sanda ana jan ruwa a Kusugu kuna ina?

Mai shirin lafiya: Don Allah a bar Bayajida ya huta, rubutu nake.

Anti nas: Ka ce "bitamin D, wanda jiki ke samu daga rana" sau ɗaya, sannan ka ci gaba da bitamin D. Shi likita zai rubuta a kati.

Baba na Daura: Ku je ku yi. Ni dai a gidana hantsi ne.

Mai shirin lafiya: Na ɗauki ta Anti. Saura "hormone", wa ke da ita?